Fim ɗin da Inna ta sa ni nema

Assalamu alaikum. Ni mutumin Tahoua ne, a nan aka haife ni a 1978, a nan nake zaune da iyalina, kuma sana'ata tura finafinai da waƙoƙi a wayoyin mutane. Na faɗi sana'ar tun farko ne don a gane nauyin maganar da zan yi: na shafe kusan shekara tara ina kwana ina tashi cikin finafinai, amma ban zauna na kalli ko guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ba wa'azi aka yi mini na daina ba, ba kuma rantsuwa na yi ba. Abin ne ya fita raina, yadda abinci ke fita ran mai zazzaɓi.

Yayana ne ya fara kai ni kallo, ina da shekara goma. Shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta, tsakaninmu shekara bakwai. Gidan bidiyon unguwarmu fili ne da aka kewaye da zana. An ɗora tele a kan tebur, an ɗora teburin a kan bulo don na baya su hango, gurup, wato injin ba da wuta, kuma na ta kuka a bayan katanga. A bakin ƙofa akwai baƙin allo da ake rubuta shirin ranar da alli: Indu, ko Karate, ko Kaboyi. Kuɗin shiga dala biyar ne, wato sefa 25. Manya su hau benci, mu yara mu zube a gaba kan yashi, wuya a ɗage har ya yi tsami. Idan kaset ta fara yayyafi, hoto na rawa, sai mai gidan ya ciro ta ya hura, ya goge kan bidiyon da ƙyalle, mu kuwa muna ta ihu kamar ihun ne zai gyara ta. Ba mu san sunan kowa a cikin fim ba. Mutum biyu muka sani, akta da shaf bandi, wato jarumi da shugaban miyagu, kuma kowane yaro ya san akta ba ya mutuwa.

Amma ni daɗin kallo ba a nan yake ƙarewa ba, a gida yake cika. Inna tana cikin kulle, ba ta taɓa taka ƙofar gidan bidiyo ba. Idan muka dawo sai mu tarar da ita a tabarma, fitilar ƙwai a gefe, tana tsintar wake ko ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago kai za ta ce, "Auta, mi kunka gano yau?" Shi ke nan an buɗe mini fage. In miƙe tsaye, in zama akta, in zama doki, in zama uwar da ke kuka, in faɗi ƙasa in mutu a madadin shaf bandi. Indiyanci ban ji ko kalma ɗaya ba, Faransancina kuma na ɗan aji uku ne, saboda haka duk maganar da ban gane ba ni nake sa musu ita a baki. Yaya yana jingine da bango yana murmushi. Bai taɓa cewa na yi ƙarya ba.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kaya suka yi tsada, kuma kafin damina Yaya ya bi sahun samarin Adar zuwa Abijan. Sau uku ya zo gida. A 2009 aka kira mu a waya aka ce ya kwanta ciwo na kwana kaɗan, Allah ya yi masa cikawa, an ma yi masa sutura a can. Da ma Inna ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce mini "yayanka". Daga ranar nan ko "yayanka" ɗin ban ƙara ji a bakinta ba.

Ni kuwa kallon nan shi ya zame mini hanyar abinci. Wajen 2000 na fara ba da hayar kaset, lokacin da finafinan Kano, waɗanda mu a nan muke kira dandalin soyayya, suka cika gari. Ta Maraɗi da Ƙonni suke shigo mana, kuma sabuwar kaset ba ta kwana a shago. A shekarun can ina kallon duk abin da na sayo, har in faɗa wa mai haya wanda zai sa matarsa kuka da wanda zai sa ta dariya. Daga baya faifai ya kori kaset, sannan ƙananan wayoyi masu katin memwar suka kori faifai. Na sayi tsohuwar kwamfuta da babban diski, na koma turi.

A nan abin ya fara lalacewa, ban ankara ba. Mai turi ba kallo yake ba, dubawa yake. Idan an kawo mini sababbi guda hamsin, sai in buɗe kowanne in leƙa farkonsa, in yi tsalle zuwa tsakiya, in yi tsalle zuwa ƙarshe. Abin da nake nema kawai: hoto ya fita, murya ta yi daidai da motsin baki, ba a yanke wutsiyar ba. Sannan in matse shi ya ƙanƙance don ya shiga ƙaramin kati. Minti ɗaya ya ishe ni fim guda. Na zama kamar ɗan kasuwar hatsi da ke soka hannu a buhu ya ɗebo ƴan ƙwayoyi, ya murza, ya faɗi kuɗi. Masu saye ma tambayarsu ba ta wuce uku: akwai faɗa, akwai waƙa, kashi nawa ne. In amsa musu daidai, alhali ban san abin da ya haɗa mutanen cikin fim ɗin faɗa ba.

Ranar da na gane na yi rashi, wata sallar layya ce. Na ce yau zan huta in kalli wani abu don kaina. Na kwanta, na kunna, ko minti biyar ba a yi ba sai na ga babban yatsana ya taɓa gefen waya, ya tura gaba. Ban umarce shi ba. Na dawo da shi baya, ya sake. Da zarar mutum biyu sun tsaya magana sai in ji ƙirjina ya ƙuntata, kamar ana ɓata mini lokaci, alhali ba inda za ni. Na canza wani, na canza wani, na kashe na yi barci.

Shekaru na yi ina ɗora laifin a kan masu yin fim. Ina cewa na yanzu ba labari, sai jan rai, abin da za a gama a dare ɗaya sai a raba shi kashi sittin. Har gobe ina ganin akwai gaskiya a wannan magana. Sai dai tsofaffin da na taso da su ma na kasa zama da su, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Abin da ya rage mini na kallo shi ne gajerun bidiyon nan na TikTok da WhatsApp, in share awa biyu ina murza waya, in tashi ban riƙe ko ɗaya ba. Gidan bidiyon unguwarmu ya koma nuna ƙwallon Turai. A gidana kowa da kusurwarsa, kowa da abin ji a kunne. Sai ka ga yarinya tana dariya ita kaɗai, ba ka san da me ba, ba kuma za ka tambaya ba.

Abin da ya juya al'amarin bai zo da siffar alheri ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sa wa ƙasarmu takunkumi, kuma a farkon Agusta aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Wuta ta zama sai an gan ta. Idan na tada gurup, kuɗin mai ya cinye ribar yini. Sai na koma rufe shago da la'asar in nufi gida, abin da na yi shekaru ban yi ba.

A lokacin Inna ta haura tamanin, kuma idonta ya tafi. Hawan jinin ido ne, ba mu gano shi da wuri ba, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe ɗan abin da ya rage. Haske da duhu kawai take bambancewa. Kullum tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Ina gaishe ta safe da yamma, ina sayen maganin ɗigawa, ina tambayar ko ta ci abinci, kuma a ganina na sauke nauyi. Sai da rashin wuta ya zaunar da ni kusa da ita na lura yininta nawa ne shiru.

Wani dare bayan isha'i, an yi ruwa da yamma, gari ya yi duhu ƙirin, kwaɗi na ta kuka a bayan gida, sai ta ce, "Auta, wanga labari na yara biyu da sunka rabu wurin jirgin ƙasa, ka tuna shi?"

Na ce, "Wanne ke nan, Inna?"

Sai ta fara ba ni. Uwa ta ɗaura wa babban laya a damtse, ƙaramin yana riƙe da kwanon abinci, jirgi ya tashi da ɗaya ya bar ɗaya, kwanon ya faɗi ya gangara ƙarƙashin ƙafafun mutane. Tana faɗa da irin kalmomin da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai faɗa, har da ƙarar jirgin da nake yi da baki. Labarina ne ta adana fiye da shekara talatin, ni mai shi na manta. Da ta kai inda ta tsaya ta ce, "Tunda an ce duk suna wurinka, ka nemo mini shi."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ashe ba haka ba. Sunan fim ɗin ban sani ba, don mu a lokacin mu ke raɗa musu suna, wannan mai farin doki, wancan mai jan rawani. Kuma duk wanda ya san finafinan Indiya na da ya san labarin ƴan'uwan da suka rabu suna yara ba ya ƙirguwa. Na tara sama da talatin a cikin diskina. Na gwada dubawa irin ta shago, ta ƙi aiki, domin abubuwan da Inna ta riƙe ƙanana ne, laya da kwano, waɗanda tsalle ɗaya zai haye su. Dole sai an bi a hankali.

Na sayi ƙaramin panon rana don cajin waya. Dare na farko ina riƙe da wayar a hannu, na tura gaba sau uku, Inna ta ji waƙa ta yanke ta ce, "Mi ya samu mai waƙar?" Kunya ta kama ni. Washegari na kifa turmi a tsakar gida, na jingina wayar a kansa da ɗan dutse, na ja tabarmarmu baya inda hannuna ba zai kai ba. Haka muka fara. Ni ina kallo ina faɗa mata, ita tana saurare. Akwai waɗanda aka fassara da Hausa, na kawo mata su don ta ji da kunnenta, ta ce a'a, waɗannan surutunsu ya yi yawa, ta fi son bakina.

Ba zan ce na ji daɗin daren farko ko na biyu ba. Jikina ƙaiƙayi yake, ina ta lissafin saura minti nawa. Bayan rabin awa Inna ta ce, "Ba shi ba ne." Na yunƙura zan kashe, sai ta ce, "Bar shi, ci gaba. Ai ba mu bar yarinyar nan cikin daji ba."

A na huɗu ko na biyar ne abin ya same ni. Akwai wani wuri da aka nuna wata tsohuwa ta fito bakin ƙofa da fitila, ta tsaya tana duban hanya. Ba magana, ba kiɗa, ba wanda ya zo. Mai ɗaukar hoton bai gusa ba, ya bar ta a tsaye. Na rasa abin faɗa, na yi shiru.

Inna ta ce, "Mi takai?"

Na ce, "Tana tsaye bakin ƙofa."

Can ta ce, "Har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu, Inna."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ƙyale ta. Jira takai."

Na dubi matar cikin waya, iska na kaɗa harshen fitilarta tana kare shi da tafin hannu, na juyo na dubi Inna, fuskarta na fuskantar ƙofar gidanmu. Irin wannan wurin ne na yi shekara tara ina hayewa da yatsa, ina cewa ba a yin komai a ciki. Maƙogwarona ya toshe. Da fim ɗin ya ƙare ban tashi ba har rubutun ƙarshe ya gama wucewa, kuma da safe a shago na kama kaina ina tunanin tsohuwar nan kamar wata ƴar'uwa da na baro a wani gari.

Sannu a hankali tabarma ta yi mana kaɗan. Maiɗakina ta fara zuwa da tankaɗenta ta zauna a gefe, wai iska take sha. Yara, da cajin wayoyinsu ya ƙare, suka matso. Babbar ɗiyata, wadda ke lise, wato babbar sakandare, ta karɓi aikin karanta rubutun Faransancin da ke ƙasan hoto, ni kuma ina faɗin abin da ido ke gani. Ƴaƴan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga har muka ce su shigo. Mutum goma sha biyu a kan waya guda da ba ta kai tafin hannu biyu ba, ana gardama, ana tsinewa mugu, ana cewa a yi shiru Inna ba ta ji ba.

Ɗiyar nan tawa ce ta zo wata rana da wani ɗan gajeren fim da malaminsu ya ba su labari, ta ce na wani mutumin garin nan ne, Moustapha Alassane. Na san sunan, amma a matsayin mai otel na san shi. Na ji sanarwar rasuwarsa a rediyo a watan Maris na 2015, a Wagadugu, na ce Allah ya jiƙansa na ci gaba da turi. Ban san cewa tun 1962 yake yin fim ba, ko cewa da kanikanci ya fara, ko cewa yana cikin mutanen farko a Afirka da suka sa zane da ƴan tsana motsi a majigi, kuma a Tahoua ɗin nan ya zauna yana wannan aiki har tsufansa. Abin da ta kawo kwaɗi ne ke kokowa a fage, da makaɗa da ƴan kallo, sak irin kokowarmu ta gargajiya. Na yi ta ƙoƙarin kwatanta wa Inna yadda kwaɗo ke kama ƙugun ɗan'uwansa, tana dariya har da tari, tana cewa in sake faɗa.

Yarinyar ta bayyana mana yadda ake yin irinsa. Ta ce a majigi hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Mai ƴan tsana zai gusa hannun kwaɗon kaɗan, ya ɗauki hoto, ya ƙara gusawa, ya ɗauka, haka har a samu motsi. Na yi lissafi a zuciyata: taɓawa ɗaya da nake yi wa gefen waya tana haye daƙiƙa goma, hoto 240 ke nan. Wani bawan Allah ya duƙa a ɗaki cikin zafin garin nan yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ya kuma dame ni cewa a diskina akwai na Indiya, na Kano, na Sin, na Amurka, na Turkiyya, dubbai, amma babu ko ɗaya na dattawan ƙasarmu. Ko Oumarou Ganda, wanda shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972, ni dai sunan gidan wasa na san shi da shi a Yamai. Tun daga lokacin nake neman ayyukansu, kuma wanda na samu ina tura wa duk mai so kyauta.

Wanda Inna ta aike ni nema kuwa sai da aka gama girbi, sanyi ya fara shigowa, sannan muka faɗa kansa. Ana nuna tashar jirgi na ga matar ta ciro laya, tsigar jikina ta tashi. Kafin in buɗe baki, kwanon ya faɗi, ƙararsa ta fito a wayar, Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Shi ne."

Muka bi shi tiryan-tiryan. Rabin abin da na ba ta ina yaro ba haka yake ba. Wanda na ce kawunsu ne ashe mai gidan haya ne, wadda na aurar wa ƙaramin ashe ƙanwar abokinsa ce. Yara na ta dariya, Inna na cewa, "Kai, Auta!" Sai aka zo kusa da ƙarshe. A labarin da na ba ta tun 1989, uwar tana zaune a gida ƴaƴanta biyu suka shigo tare, ta shafa damtsen babban ta ji layar. A fim ɗin kuwa uwar ta kwanta ciwo, ta cika, saura kwana kaɗan yaran su gane juna.

Ina ganin haka wani dare ya dawo mini gaba ɗaya. Muna tafe gida cikin yashi, Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "In ka je, kar ka ce ma Inna uwar ta mutu. Ka ce ta gan su." Na manta da wannan magana sarai, sai a daren nan.

Na yi shiru, ɗiyata ma ta daina karantawa. Amma kukan mata na fitowa daga wayar, kuma kuka ba ya bukatar tafinta.

Inna ta ce, "Ta mutu ko?"

Na ce, "Ta mutu, Inna."

"Da ba haka ka ce mini ba."

Na ce, "Yaya ne ya ce kar in faɗa miki."

Ba wanda ya motsa. Maiɗakina ta miƙa hannu za ta tsayar da fim ɗin, na girgiza mata kai. Inna ta ja carbinta ƙwaya biyu ko uku, sannan ta ce a hankali, "Halinshi ne. Tun yana ƙarami ba ya son ganin raina ɓace. Allah shi jiƙan yayanka." Muka ce amin. Shekara goma sha huɗu ke nan rabon da in ji ta ambace shi. Ta share ido da bakin mayafinta, ta juyo da kunnenta wajen turmin ta ce, "To, gaya mini, su yaran sun gamu?"

Na ce, "Ga babban nan ya shigo layinsu, Inna. Yana duban ƙofofi."

An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, wuta ta dawo, shago ya koma yadda yake. Har yanzu ina dubawa irin ta sana'a, don ba yadda za a yi mutum ya kalli hamsin a yini. Amma na buɗe wata jaka daban a kwamfuta inda nake ajiye waɗanda na kalla da idona tun daga farko har ƙarshe, yanzu sun kai saba'in da wani abu, kuma idan mai saye ya ce in zaɓar masa, daga nan nake ɗebowa, in gaya masa dalili. Na sayi tele mai ɗan faɗi, muna fito da ita tsakar gida daren Alhamis da daren Lahadi. Na'urar canza tasha kuwa a hannun Inna take zama, ta sa ta ƙarƙashin cinyarta, ta ce kar wani ya yanke wa mutane magana. Jiya mun tsaya a inda wani manomi ya sayar da saniyarsa ya shiga mota zuwa birni, kuma da na je gaishe ta da asuba, kafin ta amsa sai da ta tambaye ni ko ina ganin za su cuce shi a can.